Horo kaɗan-kaɗan a wurin aiki ya fi daɗewa a kai fiye da taron bita na mako guda

Binciken da masana suka shafe fiye da shekara 130 suna yi ya nuna cewa ma'aikacin da aka koya wa aiki kaɗan-kaɗan, ana barin tazara tsakanin darasi da darasi, ya fi riƙe abin da ya koya a kan wanda aka ɗura wa karatun gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki.

Wannan batu ya shafi yankuna irin su Zandam da ke ƙaramar hukumar Gwaram a kudancin jihar Jigawa, inda ma'aikatan lafiya da malaman makaranta da malaman gona ba su da yawa, kuma tafiyar mutum guda zuwa taron bita kan bar wurin aikinsa babu mai kula da shi.

Bisa ƙidayar shekara ta 2006, ƙaramar hukumar Gwaram tana da mutane fiye da dubu 270, maƙwabciyarta Birnin Kudu kuma fiye da dubu 300, akasarinsu manoma da makiyaya mazauna ƙauyuka.

Ga mafi yawan waɗannan jama'a, ƙaramin asibitin sha-ka-tafi da ke kusa da gida shi ne wurin zuwa na farko idan naƙuda ta zo da gardama. Don haka abin da ma'aikaciyar da ke wurin ta iya tunawa a wannan lokaci yana iya zama sanadin rayuwa ko akasin haka.

Yadda aka saba yi

Hanyar da hukumomin gwamnati da ƙungiyoyin ba da agaji suka daɗe suna bi a arewacin Najeriya ita ce a zaɓi mutum ɗaya ko biyu daga kowane asibiti ko makaranta, a tara su a wani zaure ko otal a Dutse ko Kano na tsawon kwana biyar zuwa goma.

A kan yi musu lacca tun daga safe har la'asar, a biya su kuɗin mota da alawus, a ƙarshe a ba su takardar shaida. Daga nan sai a sa ran za su koma su koya wa abokan aikinsu abin da suka ji.

Tsarin yana da sauƙin lissafi ga masu shirya shi, domin za a iya rubuta adadin mutanen da aka horar da kuɗin da aka kashe a cikin rahoto. Abin da rahoton ba ya iya nunawa shi ne yawan abin da ya rage a kan mahalarta bayan wata shida.

Kalmar bita kanta tana da abin lura. A bakin almajiri ko ɗan makaranta, bita na nufin komawa kan karatun da aka riga aka yi domin ya zauna. Amma yawancin tarurrukan da ake kira na bita sau ɗaya ake yinsu, ba a kuma komawa kansu.

Abin da masana suka gano game da mantuwa

Mutum na farko da ya auna mantuwa da alƙaluma shi ne wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, Hermann Ebbinghaus, wanda ya wallafa sakamakon bincikensa a shekara ta 1885.

Ebbinghaus ya riƙa haddace jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, sannan ya gwada kansa bayan wani lokaci. Ya gano cewa fiye da rabin wahalar da ya sha takan tafi a banza cikin sa'a guda, bayan kwana ɗaya kuma kusan kashi biyu bisa uku.

Ya kuma lura da wani abu daban. Jerin da ya maimaita sau 68 a rana guda, ya zauna masa daidai da wanda ya maimaita sau 38 kacal amma a rarrabe cikin kwana uku.

Kusan shekara 100 bayan haka aka gwada wannan a wurin aiki na zahiri. Hukumar gidan waya ta Birtaniya ta buƙaci koya wa ma'aikatanta amfani da keken rubutu domin sarrafa sababbin na'urorin tantance wasiƙu, sai masana biyu, Alan Baddeley da D. Longman, suka kasa ma'aikatan gida huɗu.

Wasu suna koyo sa'a ɗaya a rana, wasu sa'o'i biyu a zama ɗaya, wasu sa'a ɗaya sau biyu, wasu kuma sa'o'i biyu sau biyu, wato sa'o'i huɗu a kullum.

Sakamakon da aka wallafa a 1978 ya nuna cewa masu sa'a ɗaya a rana sun san madannan keken cikin kimanin sa'o'i 35 na koyo, yayin da masu sa'o'i huɗu suka buƙaci kusan sa'o'i 50. Da aka sake gwada su bayan watanni, masu sa'o'i huɗun ne suka fi yin baya.

Sai dai da aka tambayi ma'aikatan ra'ayinsu, masu sa'a ɗaya ne suka fi nuna rashin gamsuwa da tsarin, saboda sun ga kwanakin horon sun yi musu yawa. Wato hanyar da ta fi amfani ba ita ce ta fi daɗi ga mai koyo ba, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa tsohon tsari ya ƙi mutuwa.

Me ya sa tazara take da amfani?

Masana na bayar da dalilai da dama. Na farko, idan aka maimaita abu nan take, ƙwaƙwalwa na ganin ta riga ta san shi, don haka ba ta ƙara wani ƙoƙari. Idan kuwa an bar shi ya fara dusashewa, sai mutum ya yi fama kafin ya tuno, kuma wannan faman ne ke ƙara kafa abin a kai.

Na biyu, barci yana taka rawa wajen adana abin da aka koya da rana. Darasin da aka raba kwana biyar ya samu dare biyar na wannan aiki.

Na uku shi ne gwaji. A shekara ta 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta karanta shi, wasu kuma suka karanta sau ɗaya sannan suka riƙa ƙoƙarin rubuta abin da suka tuna. Bayan mako guda, masu gwada kansu sun tuna kashi 61 cikin 100, masu maimaita karatu kuwa kashi 40.

Dangane da tsawon tazarar, wani bincike da aka wallafa a 2008 kan mutane fiye da 1,300 ya nuna cewa ya danganta da tsawon lokacin da ake son abin ya zauna. Idan na mako guda ne, tazarar kamar kwana ɗaya ta isa. Idan kuwa ana son a tuna bayan shekara, sai a bar makonni kafin a koma kansa.

Ga mutumin ƙasar Hausa wannan ba baƙon abu ba ne. A tsangaya ana rubuta wa almajiri ɗan abin da zai iya ɗauka a allo, ba ya wankewa sai ya biya wa malam da ka, gardi kuma yakan ci gaba da tilawar abin da ya haddace shekara da shekaru domin kada ya kufce masa. Hausawa na cewa da yayyafi kogi kan cika.

Darasi daga ɗakin haihuwa

Fannin da aka fi gwada wannan tsari a nahiyar Afirka shi ne na kula da mata masu haihuwa da jarirai.

A shekara ta 2010, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tare da wasu hukumomi ta ƙaddamar da wani shiri na koya wa unguwarzoma yadda za su taimaka wa jaririn da aka haifa bai yi numfashi ba. Jigon shirin shi ne minti na farko bayan haihuwa: a goge jariri, a shafa bayansa, idan bai yi kuka ba a ɗora masa murfin roba a hanci da baki a hura masa iska da jakar da aka tanada domin haka.

A asibitin Haydom da ke karkarar arewacin Tanzaniya an fara da horon yini guda. Da masu bincike suka dawo bayan wata bakwai, sun tarar ma'aikatan sun iya aikin idan an gwada su da jaririn roba, amma yadda suke yi da jarirai na gaskiya a ɗakin haihuwa bai inganta ba.

Daga 2011 sai asibitin ya sauya salo. Aka ajiye jaririn robar a ɗakin haihuwa, ma'aikata suna yin atisayen minti uku zuwa biyar a kai a kai, ƙarƙashin kulawar wasu unguwarzoma daga cikinsu. Rahoton da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa mutuwar jarirai cikin sa'o'i 24 na farko ta ragu daga kimanin 11 zuwa 7 a cikin kowace haihuwa 1,000.

Ƙungiyar Jhpiego, mai alaƙa da Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, ta gwada irin wannan tsari a asibitoci 40 a Ghana da kuma 125 a Uganda, inda rahotannin da suka fito a 2018 suka nuna raguwar mutuwar jarirai a ranar haihuwa da kuma waɗanda ke mutuwa a lokacin naƙuda.

A Najeriya ma an yi gwajin a asibitoci 60 na jihohin Ebonyi da Kogi. An horar da rabin ma'aikatan ta hanyar da aka saba a wajen asibitocinsu, sauran kuma a inda suke aiki, tare da atisaye na mako-mako da saƙonnin tunatarwa ta wayar salula da kiran waya daga masu horarwa.

Sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa bayan shekara guda, waɗanda aka horar a wurin aikinsu sun fi riƙe ƙwarewar aikin hannu. Jagoran marubutan rahoton, Dakta Emmanuel Ugwa, likitan mata ne da ya yi aiki a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

Akwai kuma babban binciken nan kan zubar jini bayan haihuwa da aka wallafa a 2023, wanda ya shafi mata fiye da dubu 200 a asibitoci kusan 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya.

An samu raguwar kashi 60 cikin 100 na munanan sakamakon zubar jinin. Ginshiƙin nasarar shi ne ledar auna jini da kuma ba da magunguna a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya, amma an koyar da tsarin ne a cikin asibitocin, da atisaye da kuma wasu ma'aikata da aka ɗora wa alhakin tabbatar da ana bin sa.

Muhimmancin waɗannan alƙaluma ga Najeriya a bayyane yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kimanin dubu 75 ne suka mutu a ƙasar sanadiyyar ciki da haihuwa a shekara ta 2023, wato fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya.

Tun a 2014 gwamnatin tarayya ta amince da manufar da ta bai wa jami'an lafiya na al'umma damar yin wasu ayyukan unguwarzoma idan an horar da su. A ƙananan asibitocin karkara, ma'aikaciya na iya yin watanni ba ta gamu da jijjiga ko jaririn da ya kasa numfashi ba. Abin da hannu bai saba yi ba kuwa yakan kufce, sai ranar da ake buƙatarsa cikin gaggawa a tarar babu.

Jigawa ta taɓa ganin irinsa

Horo a kai a kai ba sabon abu ba ne a aikin gwamnati a arewa. Shirye-shiryen bunƙasa aikin gona da Bankin Duniya ya tallafa wa sun fara ne a Funtua da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, daga baya suka bazu zuwa jihohi, aka samu hukumar KNARDA a Kano, sannan JARDA bayan ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991.

Hukumomin sun bi tsarin horo da ziyara wanda Daniel Benor ya tsara. Duk bayan mako biyu malaman gona kan taru yini guda a koya musu saƙonni kaɗan da suka dace da lokacin, misali tazarar shuka gab da faɗuwar damina ko lokacin zuba taki, sannan su fita ƙauyuka su isar wa manoma a ranakun da aka ƙayyade.

An yi amfani da tsarin a ƙasashe fiye da 50. Amma yana cin kuɗin albashi da man babura, kuma da tallafin Bankin Duniya ya ƙare a shekarun 1990 sai ya yi rauni a ƙasashe da dama. An kuma soke shi da cewa umarni ne daga sama, ba a cika sauraron manomi ba.

A fannin ilimi, shirin horar da malamai na TDP da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2013 zuwa 2019 ya fara aiki ne a Jigawa da Katsina da Zamfara. An riƙa tara malaman makarantun da ke kusa da juna lokaci zuwa lokaci, ana kai musu ziyara a aji, an kuma ba su wayoyin salula ɗauke da hotunan bidiyo na yadda ake koyarwa.

Binciken da aka yi kan shirin ya ga ɗan sauyi a salon koyarwar malamai, amma bai ga gagarumin ci gaba a abin da yara suka iya ba. Cunkoso a aji da ƙarancin sanin darussan su kansu a wajen wasu malaman na cikin abubuwan da suka kawo cikas.

Waɗannan misalai biyu sun nuna iyakar tsarin. Atisayen minti biyar yana wasa ƙwarewar da aka riga aka samu, amma ba ya maye gurbin shekarun da ake yi a Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta Birnin Kudu ko Kwalejin Ilimi ta Gumel. Haka nan ba ya samar da magani ko jini ko motar ɗaukar mara lafiya inda babu su.

Abin da tsarin ke buƙata

Daga gwaje-gwajen da aka yi, akwai abubuwan da shirye-shiryen da suka yi nasara suka yi tarayya a kansu.

Ana ɗaukar abu guda a kowane zama, kamar auna hawan jinin mai ciki ko hura wa jariri iska, maimakon a haɗa batutuwa goma. Ana yin horon a wurin aiki da kayan da ke wurin, kuma duk ma'aikatan ne ke shiga, domin a lokacin gaggawa ba mutum ɗaya ke aiki ba.

Ana ba aikin hannu fifiko a kan lacca. Mai koyo zai yi da kansa, abokin aikinsa na duba takardar matakai yana gyara masa nan take. Ana kuma naɗa mutum guda a cikin ma'aikatan da zai riƙa kiran atisayen a ranar da aka tsayar, yana rubuta waɗanda suka halarta.

Wayar salula na taimakawa wajen aika gajerun tambayoyi na tunatarwa, ko da yake a ƙauyukan da sabis ba shi da ƙarfi ko wutar lantarki ke wahala, takarda da aka manna a bango na iya yin aikin.

Babban cikas ba na fasaha ba ne. Ga ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, alawus ɗin taron bita wani tallafi ne da yake jira, takardar shaidar kuma tana da amfani a lokacin ƙarin girma. Atisayen da ake yi a bakin aiki ba ya zuwa da ko ɗaya daga ciki, sai fa idan hukumomi sun amince su riƙa lissafa shi a cikin sharuɗɗan ƙarin girma da sabunta lasisin aiki.

Akwai kuma yawan sauya wa ma'aikata wurin aiki. Idan aka ɗauke wanda ke jagorantar atisayen ba a naɗa wani ba, jaririn robar kan koma cikin kabad.

Batun kuɗi

Tambayar ta ƙara zama ta gaggawa saboda raguwar tallafin ƙasashen waje, wanda da shi ne ake gudanar da yawancin tarurrukan bita. A shekara ta 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta raya ƙasashe USAID, Birtaniya kuma ta sanar cewa za ta rage tallafinta daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin 100 na arzikin da take samu nan da 2027.

Hakan na nufin nauyin horar da ma'aikata zai ƙara komawa kan gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi. Ga jiha irin Jigawa mai ƙananan hukumomi 27 da mazaɓu 287, kuɗin otal da abinci da sufuri na taro guda zai iya sayen jariran roba da jakunkunan hura iska masu yawa.

Sai dai tarihin malaman gona gargaɗi ne. Horo na kai a kai yana buƙatar kuɗi kaɗan amma ba ya yankewa: man babur ɗin mai sa ido da zai je Zandam ko Sara ko Basirka, katin waya, da sauya kayan da suka lalace. Irin wannan kuɗi ne aka fi saurin yankewa idan kasafi ya yi ƙunci, domin babu bikin buɗewa ko ɗaukar hoto a tare da shi.

Don haka ma'aunin da ya fi dacewa a duba kowane shirin horo da shi ba ya tsaya kan yawan waɗanda suka halarta. Abin dubawa shi ne ko ma'aikaciyar da ke ƙaramin asibiti a Gwaram za ta iya sa jariri ya yi numfashi cikin minti guda, shekara ɗaya bayan an koya mata.